Tsakanin Inuwa da Indararo

Indararo ƙaramin abu ne a ginin gida, har magini yakan bar shi sai ƙarshen aiki, bayan an jera azara an kuma shimfiɗa ƙasar rufi. Amma duk ruwan da ya sauka a kan soro, tun daga yayyafin farkon damina har zuwa malkar watan Agusta, ta wannan ƴar ƙofa yake fita. Idan tana buɗe, ɗaki ya kwana lafiya. Idan ta toshe, ruwa ya nemi wata hanya, hanyar da yakan samu kuwa ita ce ta cikin bango ko ta kan masu barci. Abin da ya fi toshe ta shi ne ganyen itacen da muka dasa da hannunmu domin mu sha inuwa. A ƙasa irin tamu, inda zafin bazara kan haura digiri 40, gida ba ya zaunuwa sai da itace, haka nan ba ya zaunuwa sai da rufi mai lafiya. Saboda haka duk mai gidan da ke da itace kusa da ɗaki, wata rana sai ya tsaya ya yi shawarar irin kariyar da zai sa wa bakin indararonsa.

Ga ɗalibin da bai taɓa hawa soro ba, ya kamata a fara da siffar wurin. Magini yakan karkata rufin kaɗan zuwa gefe guda, sa'an nan ya kewaye shi da gajeren bango wanda ake kira rawani, zankwaye kuma su tsaya a kusurwoyi. Rawanin nan shi ke ƙawata gini, shi ne kuma ke mayar da rufin tamkar tasa, domin ruwa ba shi da mafita sai ta hudar da aka bari a gindinsa. A cikin hudar ake cusa indararo, ya leƙo waje kamu ɗaya ko fiye, don ruwan ya faɗi nesa da gindin bango. A da, guntun giginya ake fafewa, ko a sa na yumɓu da aka gasa. Yau galibi ƙarfe ake lanƙwasawa, ko a yanko guntun tiyo a cusa.

Rufin kwano, wanda mu a Nijar muka fi kira tol da kalmar da muka aro daga Faransanci, shi ba ya riƙe ruwa, ta dukan bakinsa yake zubarwa. Wanda ke son tara ruwan, ko yake gudun kada ya zaizaye gindin bango, yakan sa a ƙera masa doguwar magudana ta ƙarfe a rataya a bakin kwanon. Ita ce ke tattara ruwan ta kai shi tiyo, tiyo ya sauke shi cikin tano, watau abin da ƴan Najeriya ke kira duro. Wannan magudana ma indararo mutane ke ce mata. Sunan ɗaya ne, amma abin da ya dace da indararon soro yana iya cutar da na kwano, haka kuma akasin haka.

Lissafin ruwan ba shi da wuya. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 yana ba da lita 1. Ɗakin da tsawonsa mita 5 ne, faɗinsa mita 4, yana da rufi na murabba'in mita 20. Idan hadari guda ya zubar da milimita 30, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, to lita 600 ne suka sauka a kan wannan rufi, tano 3 ke nan masu cin lita 200, nauyinsu kuma kilo 600. In indararo ya toshe, duk wannan nauyi a kan azara zai kwanta. Nauyin ma da sauƙi a kan jiƙar. Ƙasar rufi tana jure ruwan da ke wucewa, amma ruwan da ya kwana a kanta yakan ratsa yaɓe, ya sassauta ƙasar, ya kai ga azara. Azarar da ta sha danshi tana ruɓewa daga bakinta da ke cikin bango, inda ido ba ya gani, gara kuma ta biyo baya ta ƙarasa.

Mu mutanen Damagaram mun ga iyakar abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa a farkon watan Satumba na 2024, ranar da tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan mamakon ruwan sama. Tun daga ranar, duk mai kwana a ƙarƙashin azara ya riƙa ɗaga kai yana duban rufinsa kafin ya kashe fitila. A cikin makon ne kuma muka ga wani baƙin tabo ya fito a saman bangon ɗakin mahaifiyarmu, daidai ƙarƙashin indararo. An share soron kwana biyu kafin wannan, amma iskar da ke gabatar hadari ta kaɗo ganye da ƴaƴan dogon yaron da ke tsakar gidanmu cikin dare, ruwan kuma ya kwashe su ya cusa a bakin hudar. Da gari ya waye aka hau, aka tarar da ruwa ya kai idon sawu.

Gidan namu rufi biyu gare shi. Akwai soron Inna, wanda ya girme mu duka, akwai kuma jerin ɗakuna na kwano da aka ƙara daga baya, masu magudana da tano a ƙarshenta. Dogon yaron yana tsakiya, rassansa sun haye rufin biyu. Daga bayan katanga kuma tsamiyar maƙwabcinmu ta leƙo da rassa biyu. Da labarin tabon ya kai wa yayanmu da ke aiki a Yamai, sai ya kira waya, na riƙe wa Inna ita a kunne. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri ki bari a sare itacen nan. Inuwa ana samunta da rumfa. In soro ya faɗo a kanki, me za mu ce wa duniya?" Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma cika amsa masa kai tsaye ba, domin ɗan fari ne. Sai ta ture wayar ta dube ni, ta ce, "Faɗa wa yayanka, wanda ya dasa itacen nan ya riga mu gidan gaskiya, ni kuwa a ƙarƙashinsa nake wuni. Ba za a sa masa gatari ina raye ba."

Kowanensu yana da gaskiyarsa. Tsoron yayanmu tsoro ne na wanda ke nesa, wanda in hadari ya haɗu ba shi da abin yi sai kiran waya. Inna kuwa ta san abin da bai lissafa ba, cewa rumfar kwano da azahar ɗin watan Afrilu tanderu ce, itace kuma yana sanyaya iskar da ke ƙarƙashinsa da ruwan da ganyensa ke fitarwa, abin da rumfa ba ta yi.

Sare itace ma ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Dogon yaro baƙo ne, asalinsa daga ƙasar Indiya da maƙwabtanta, an shigo da shi Afirka ta Yamma a zamanin mulkin mallaka, amma ya zauna har ya sami sunaye: Kanawa su ce darbejiya, a wajen Katsina da Maraɗi a ji bedi, daga gabas kuma a ji maina. Ya karɓu ne domin yana jure fari, yana girma da sauri, ba ya kuma tsiraita gaba ɗaya da rani lokacin da aka fi bukatar inuwa. Da shi aka yi shingen tare iska a kwarin Majiya cikin jihar Tawa tun daga 1975. Ranar 3 ga Agusta, wadda Nijar ta sami ƴancin kai a cikinta a 1960, ita ce kuma ranar dashen itatuwa, kuma da yawa daga cikin inuwoyin makarantu da titunanmu a irin wannan rana aka dasa su. Tun kafin wannan ma, a nan Damagaram har yau ana ba da labarin yadda Sarki Tanimu ya tsananta horo a kan mai sare gawo a ƙarni na 19. Wanda ya tashi cikin wannan tarbiyya ba ya ɗaukar gatari sai ya rasa wata dabara.

Dabarar muka nema a wurin wani tsohon magini na unguwarmu, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Bayan damina ta ɗauke ya zo, ya sa aka jingina tsani, ya hau a hankali. Da ya sauko sai ya zazzage abin da ya ƙunso a bakin rigarsa a kan tabarma. Na ce, "Baba, wace irin raga za mu sayo?" Ya ce, "Ɗana, kafin ka je kasuwa neman raga, ka fara sanin abin da za ka tare." Ya shiga rarrabewa da yatsa. Ga ganyen dogon yaro, tsawon ɗan yatsa, mai baki kamar zarto. Ga siraran tsinkayen da ganyen ke jere a kansu, kamar na tsintsiya. Ga ƙwallayen da jemagu suka tsotse suka yar, wasu har sun fara tsira a cikin lakar. Ga ganyen tsamiya ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ga gashin tattabara, ga baƙar leda guda. Abin da ya haɗe su duka ya mayar da su curi kuwa ƙura ce, ƙurar hunturu da ta bazara, wadda ta jiƙe ta zama taɓo.

Wannan tarin shara shi ne asalin zaɓin, domin kowane itace da irin ɓarnarsa. Ganyen mangwaro da na durumi manya ne, raga mai faɗin ido ma tana tare su, sai dai guda biyu ko uku in sun jiƙe sun isa su rufe huda ruf. Ganyen tsamiya yana ratsa kusan kowace raga, amma shi kaɗai ba ya toshe komai, ruwa mai ƙarfi yakan fita da shi. Gawo, ga waɗanda ke zaune a bakin gari ko a ƙauye, halinsa dabam ne da na sauran itatuwa, domin da faɗuwar damina yake kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, watau daidai lokacin da ake bukatar indararo a buɗe. Dogon yaro kuwa ba ya hutawa. Yana zubar da ganye mai yawa daga ƙarshen ɗari zuwa bazara, ya biyo da fure, sa'an nan ƴaƴa, waɗanda da yawansu ke nuna da damina. Tsinkayensa su ne mafi sharri, don sukan gicciye a bakin huda su zama shinge, sauran shara ta taru a bayansu.

Daga nan ake gane cewa maganar raga maganar faɗin idonta ce. Mai ƙananan idanu tana tare komai, amma ƙura da jiƙaƙƙen ganye sukan liƙe ta nan da nan, ta koma murfi. Mai manyan idanu ba ta saurin toshewa, amma ƙananan abubuwa suna wucewa. Babu wadda ta haɗa kirkin biyu. Abin da mai gida zai tambayi kansa shi ne wace ɓarna ce ta fi tsada a wannan rufi, ruwa ya tsaya ko datti ya wuce.

A kan soro amsar a fili take, tsayawar ruwa ita ce halaka. Saboda haka magini ya hana mu abin da mutane da yawa ke yi, watau yanko guntun ragar taga a liƙa a bakin hudar. Irin wannan ragar faɗinta bai wuce faɗin hudar ba, leda guda ta isa ta rufe ta, mai gida kuma yana can ƙasa yana barci da zaton ya yi rigakafi. Abin da ya sa aka ƙera shi ne ɗan keji na waya mai kauri, siffarsa kamar ƙaramin akurki, faɗin idonsa wajen santimita 1, wanda ke kife a kan bakin indararo daga ciki, ya ba hudar tazarar taƙi guda ta kowane gefe, tsayinsa ma taƙi guda. Hikimar ita ce fuskar kejin ta ninka faɗin hudar sau da yawa. Ganye ya taru a gefe guda, ruwa ya shiga ta wani gefen. In ƙasan ya cika da shara, ruwa ya ɗan tashi ya shiga ta sama. Ganyen tsamiya da ƙura su wuce abinsu, don a tsakar gida za su faɗi, inda tsintsiya ke isa gare su. Ya kuma hana a kafa kejin da ƙusa, domin kowace ƙusa a rufin ƙasa hanyar ruwa ce. Ƙafafunsa aka lanƙwasa aka danne da duwatsu biyu, yadda za a iya ɗaga shi a kakkaɓe.

Ya ƙara wani abu wanda a ganina ya fi kejin amfani. Ya huda rawanin a wani wuri, ya sa indararo na biyu sama da na farko da kamar yatsu uku. A ruwan yau da kullum wannan na biyu ba ya zubar da ko ɗigo. Ranar da aka ga yana zuba, to na ƙasan ya toshe, kuma shi ne zai hana ruwan taruwa ya wuce wannan tsayi kafin a samu mai hawa. Ya kafa shi ta gefen da Inna ke iya gani daga ƙofar ɗakinta.

A kan kwano lissafin ya sauya. In magudanar ta toshe, ruwa yakan malala ta bakinta ya zuba a ƙasa, ɗaki ba ya faɗuwa a dare ɗaya. Ɓarnarta a hankali take zuwa: taɓon da ya kwanta a ciki yana cinye ƙarfen da tsatsa, nauyinsa yana lanƙwasa magudanar har ta yi ciki, cikin kuma ya riƙe ruwa. Ruwan da ya kwanta a lokacin zafi, kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwan sauro ya zama sauro mai tashi. A nan ana iya matse idon raga fiye da na soro. Masu ƙirar ƙarfe na Kasuwar Dole suka yanka mana doguwar ragar waya mai ido wajen milimita 5, aka cusa gefenta guda a ƙarƙashin bakin kwanon, ɗaya gefen ya sauka a kan leɓen magudanar na waje. Muhimmin abu shi ne ta karkata kamar yadda rufin ya karkata. Ragar da aka shimfiɗa a kwance faifai ce ta shanya ganye, mai gangara kuwa ganyen yakan bushe iska ta kwashe shi. An ɗaure ta da ƴan guntayen waya da ake murɗewa da hannu, ba a yi mata walda ba, domin ƙura za ta ratsa ko ta yaya, kuma dole wata rana a buɗe a kwashe. Kafin a rufe, sai da aka gyara gangaren magudanar kanta, kamar milimita 5 a kowace mita, zuwa wajen tiyo.

Irin ƙarfen ma abin dubawa ne. Baƙar waya tana tsatsa cikin damina ɗaya ko biyu, ta kuma shafa wa magudanar. Wadda aka yi wa rufin tutiya, irin rufin da ke jikin kwanon, ita ce ke daɗewa. Jan ƙarfe ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma idan ya haɗu da tutiya a wuri mai danshi, tutiyar ce ke cinyewa, don haka ba a haɗa su. Ragar roba ta fi araha, ta fi sauƙin yanka, sai dai ranarmu tana gasa ta har ta riƙa karyewa kamar busasshen kara.

Yayanmu, da ya ga an ƙi sarewa, sai ya shiga turo mini hotunan irin kariyar da ake sayarwa a Turai da Amurka, waɗanda ya gani a intanet. Akwai wadda take kamar dogon buroshi da ake kwantarwa cikin magudana, akwai ta soso da ke cika ta, akwai kuma murfi mai lanƙwasasshen baki wanda ruwa ke bin jikinsa ya shiga ta wata ƴar tsaga, ganye ya zarce ya faɗi ƙasa. An yi su ne domin ƙasashen da ƙura ba ta da yawa. A wurinmu buroshi da soso za su sha ƙurar wata takwas, su zama fadama a bakin rufi, ƙwallon dogon yaro kuma ba ya neman fiye da haka kafin ya tsira. Murfin nan mai lanƙwasa yana aiki da ruwa mai sauka a natse, ruwanmu kuwa yakan zo ne kamar da bakin ƙwarya, ya tsallake tsagar ya zuba a ƙasa, tano ya tashi babu komai.

Tanon nan kuwa ba abin wasa ba ne a Damagaram. Garin yana zaune a kan dutse, ruwan famfonsa daga rijiyoyin da ke wajen gari ake jawo shi, irin na Gogo da na Arunguza, kuma duk wanda ya yi bazara a nan ya san darajar jarka guda. Ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, amma a kan rufin kwano na murabba'in mita 60 wannan ya kai lita 24,000, watau tano 120, kafin a cire abin da ke zubewa a banza. Wannan ruwa shi ke wanki da wanke-wanke da shayar da awaki na tsawon damina. Ganyen dogon yaro in ya jiƙa a ciki yana mayar da shi ɗaci, kashin tsuntsaye kuma ya fi ɗacin illa. A nan ne raga mai ƙananan idanu, irin ta taga da ke hana sauro, take da wurinta: a bakin tano, inda hannu ke kaiwa a kakkaɓe ta kowace safiya. Ruwan farkon damina, da na farkon kowane hadari bayan an kwana biyu ba a yi ruwa ba, ana kautar da tiyo a bar shi ya wanke rufin ya zube. Tano kuma a rufe shi, wanda za a sha a tafasa.

Duk da haka, raga ba ta isa ita kaɗai ba, sai da aka taɓa itacen. Inna ta yarda da sassabe, tun da dogon yaro yana jure shi, yakan kuma sake tohowa da ƙarfi. Aka rage rassan da suka haye rufin biyu, aka bar tazarar kamar mita 2 tsakanin ganye da soro, aka bar waɗanda suka yi wajen tsakar gida yadda suke. Tsamiyar maƙwabci ita ce ta bukaci lallashi. Mutane ba su son sa ƙarfe a jikin tsamiya, domin tsohon zance ne cewa mazaunin iskoki ce, ga shi kuma ba tamu ba ce. Inna ta aike ni da goro da gaisuwa. Na durƙusa na ce, "Baba, Inna tana gaishe ka, ta ce a roƙe ka rassan nan biyu da suka leƙo kan soronta." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ka gaishe ta. Rassa biyu ba komai. Amma ɗana, tun da ka zo, indararonku na baya shekara nawa yana zuba a gindin katangata, kunya ta hana ni magana." Aka sare rassan, mu kuma muka ƙara wa wancan indararo tiyo muka juya shi cikin gidanmu. Al'ada da shari'a duka sun hana mutum ya juya ruwan rufinsa kan ginin maƙwabci, kamar yadda suka ba maƙwabci damar neman a rage reshen da ke cutar da shi, amma an fi samun biyan bukata in aka fara da gaisuwa kafin a kai ga mai unguwa.

Ruwan da ya sauka tsakar gida ma sai ya fita, kuma a nan ɗalibin Hausa zai gamu da wata kalma mai ban sha'awa. Hudar da ake bari a gindin katanga domin ruwa ya fice waje sunanta rariya. Abin da mata ke tankaɗe gari da shi ma rariya ne. Abu guda ya haɗa su, kowanensu yana barin wani abu ya wuce ya tare wani. Duk ganyen da keji da raga suka bari ya faɗo ƙasa, a bakin rariya yake taruwa, kuma in ta toshe, ruwan da aka kora daga saman bango sai ya dawo ya ci shi daga gindi. Ita ma mun gicciya mata ƴan sandunan ƙarfe masu tazarar yatsa biyu, ana kuma share gabanta da zarar an ga gabas ta yi baƙi.

Abin da keji da raga ke saya wa mai gida shi ne lokaci. A da, ganyen dare ɗaya ya isa ya toshe soro, kuma tsohuwa ba za ta jingina tsani da ƙarfe biyu na dare cikin walƙiya ba. Yanzu sharar mako guda tana taruwa ruwa bai tsaya ba. Amma hawan bai faɗi ba, kuma shi ne ainihin wuyar al'amarin a gidajen Birni da yawa, inda samarin da ke hawa soro a da suka watse zuwa Yamai da Agadas da Kano da Libiya, aka bar tsofaffi da ƙananan yara. Saboda haka muka raba aikin a tsakaninmu. A watan Mayu, kafin ruwan farko, magini zai hau ya share, ya toshe tsaga, ya sabunta yaɓe, kuɗin wannan kuwa a wuyan yayanmu yake. Da damina, ɗan ƙanwarmu zai hau kowace Juma'a da safe, da kuma washegarin duk hadarin da ya zo da iska, ya ɗaga keji ya kakkaɓe, ya bi ragar kwano da tsintsiya. An gargaɗe shi kada ya taka jiƙaƙƙen soro da ƙarfi, kada kuma ya taka kwano sai inda layin ƙusoshi ya nuna akwai katako a ƙasa. Da kaka ni zan kwance ragar in kwashe taɓon da ya ratsa, kafin ya bushe ya kama ƙarfen.

Daminar 2025 ta zo ta wuce a kan wannan tsari. Indararo na sama ya zuba sau ɗaya, cikin Agusta, aka hau da safe aka tarar leda ce ta naɗe kejin. Tabon bangon bai ƙaru ba. Wanda ke zaune a Gaya ko Garwa ko Tamale, inda ruwa ya fi namu yawa, lissafinsa zai bambanta da namu, zai bukaci magudana mai faɗi da tiyo fiye da ɗaya, amma shi ma daga tarin sharar rufinsa zai fara.

Maganar itacen dai ba ta ƙare ba. Ranar da magini ya zo yaɓen bana, ya tsaya a gindin soron ya tona ƙasa da ƙafarsa, ya nuna mini wata saiwa mai kaurin damtse da ta nufi harsashin ginin. Ya ce a datse ta a wannan rani, a haƙa ɗan rami tsakanin itacen da bango a riƙa dubawa duk shekara, domin saiwar dogon yaro tana bin danshi, danshin kuwa a gindin bango yake. Na tambaye shi ko hakan zai isa. Ya ce zai isa na wasu shekaru, daga nan kuma sai a sake zama a yi shawara. Na faɗa wa yayanmu, na faɗa wa Inna. An sa ranar datse saiwar bayan sallah.